Mai Lambu da Akuyar Kaka Afiniki

A wani gari da ke gindin dutse, akwai wani mutum mai lambu a bayan gidansa. Lambun ba shi da girma sosai, amma babu irinsa a garin. Akwai gwaiba da gwanda da lemo, akwai ayaba a can ƙarshe inda ruwan gida ke gangarawa, ga kuma furanni iri-iri da ya yi ta roƙowa daga nesa yana dasawa. Mutum ne mai son tsabta da tsari. Ko ganye ɗaya ya faɗo a kan hanyar da ya shimfiɗa wa tsakuwa, sai ya sunkuya ya ɗauke. A ikkilisiya kuwa ana ganin girmansa. Ba ya fashin sujada, yana cikin dattawan da Fada, wato limamin cocin, ke shawara da su, in kuma an sa aikin gayya a coci shi ne kan gaba.

Wata shekara ya je birni, ya ga a harabar wata majami'a an kafa mutum-mutumin Waliyyi Faransis na Asisi, bawan Allahn nan da ya bar dukiyar mahaifinsa ya zaɓi talauci, wanda aka ce yana kiran tsuntsaye da namun daji 'yan'uwansa, domin Uba ɗaya ne ya halicce su duka. Abin ya shiga ran mai lambu ƙwarai. Ya nemi wanda ya yi shi, ya ce a yi masa irinsa. Da aka gama, aka ɗauko a bayan mota, ya kira samari suka kafa shi a tsakiyar lambun, a ƙarƙashin gwaiba.

Da siminti aka yi shi, aka shafa masa fenti. Riga ruwan ƙasa har idon sawu, igiya ɗaure a ƙugu, ƙafa ba takalmi. Ga kurciya a kafaɗarsa, ga wata a tafin hannunsa, ga ɗan rago kwance a gefensa, duk na siminti. A ƙafafunsa kuma aka yi wata tasa mai faɗi, domin a riƙa zuba wa tsuntsaye ruwa.

Mutane suka riƙa zuwa kallo. Duk baƙon da ya zo gidan, kafin ya sha ruwa sai an kai shi lambu. Mai lambu kuwa ya iya bayani. Yakan tsaya ya harɗe hannuwa a baya, ya ce, "Ku gane, mu ba ma yi wa siminti sujada. Tuni ne kawai. In na dube shi, sai in tuna cewa duk abin da ke numfashi na Allah ne, ya kamata a ji tausayinsa." Masu saurare su gyaɗa kai, su ce lallai mutumin nan ya san Allah. Shi kuma ya ji daɗi har cikin ransa.

To, da ya fara zuba ruwa a tasar, sai tsuntsaye na gaske suka gano wurin. Kurciyoyi suka zo, gwara ta zo da ayarinta, hasbiya ta sauko daga dutse. Su sha ruwa, su yi wanka, su tashi su sauka a kan waliyyin, a kansa da kafaɗunsa da hannunsa. Kafin rana ta yi tsaka, kashinsu ya gangaro masa a goshi, ya ɓata rigar, ya rufe idon kurciyar siminti. Suna gamawa su haye gwaiba su yi ta caccakar wadda ta nuna.

Mai lambu ya riƙa wankewa kowace safiya da soso da sabulu. Yana wankewa fenti na fita. Ya daina zuba ruwa, amma tsuntsayen sun riga sun saba. Ya rataya tsumma a reshe, suka yi kwana biyu suna tsoro, suka dawo. Ya koma jifarsu da tsakuwa.

Wata safiya matarsa ta fito shanya, ta tarar da shi yana jifa yana tsaki. Ta yi dariya, ta ce, "Maigida, ba su ne ka ce yana kira 'yan'uwansa ba? Ai gun ɗan'uwansu suka zo."

Ya ce, "Ke ba ki san wahalar wanke abin nan ba."

Ta ce, "To Allah ya ba da haƙuri." Ta ci gaba da shanyarta.

Ana nan, damina ta fara ban kwana, ranar tunawa da Waliyyi Faransis ta matso. A ranar ce masu bi kan kawo dabbobinsu a sa musu albarka. Bayan sujadar Lahadi Fada ya tashi ya ce, "Bana ba a harabar coci za mu yi ba. Ɗan'uwanmu yana da lambu mai kyau, da siffar waliyyin a ciki. In ya yarda, can za mu taru." Mai lambu ya miƙe ya ce ya yarda da farin ciki. Aka tafa masa. Ya koma gida yana jin kamar ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa.

Ya sayo fenti ya sake shafe waliyyin tun daga kai har ƙafa. Ya yi kyau kamar ranar da aka kawo shi. Washegari da ya fito, sai ya tarar da farin kashi ya gangaro a kan sabon fentin, har ya bushe a ciki. Ya tsaya yana kallo, zuciyarsa na tafasa. Ya ce a ransa, "Jama'ar gari duka za su zo, Fada zai tsaya a nan, a ga wannan ƙazanta?"

Bai gaya wa kowa ba. Ya tafi kasuwa, ya sayi maganin ƙwarin gona, irin mai ƙarfin nan da ake gargaɗi kada a taɓa da hannu. Ana gobe taro, da la'asar, matarsa ta tafi koyon waƙa wurin zumuntar mata, shi kuwa ya ɗebo dawa a rumbu, ya cuɗa ta da maganin, ya zuba a cikin tasar da ke ƙafafun waliyyin. Bai ɗaga kai ya dubi fuskar siffar ba. Ya wanke hannu ya shiga gida.

Da gari ya waye ya fita lambu, bai ji kukan tsuntsu ko ɗaya ba. Ga su nan warwatse a kan tsakuwa, kurciyoyi da gwara da hasbiya, wasu a gindin gwaiba, wasu a bakin tasar, ƙafafu a sama. Sun fi yadda ya zata yawa. Wata kurciya ba ta gama mutuwa ba, tana buɗe baki tana rufewa. Amma ya ce wa kansa, "Tsuntsaye ne kawai. Daji cike yake da su." Ya ɗauko kwando ya tsince su da sauri, ya haƙa rami a bayan ayaba ya binne, ya tattake ƙasar. Ya dawo ya goge waliyyin, ya share tsakuwa.

Yana shirin kwashe sauran dawar da ke cikin tasar ke nan, sai ya ji waƙar zumuntar mata da kiɗan tulu a bakin ƙofa. Sun iso da wuri. In ya ɗauki tasa yana kwasar dawa yanzu, za a tambaye shi ta mece ce. Sai ya yi maza ya tsinko furanni da ganye, ya tula a kan dawar har ta ɓace. Ya ce in an watse zai kwashe. Matan suka shigo, suka ga tasa cike da furanni, suka ce, "Kai, dubi yadda ya yi wa waliyyi ado!"

Jama'a suka cika lambun. Wannan da tunkiya, wancan da zakara a hammata, wani da jaki, wani da karensa na farauta. A cikinsu akwai wata tsohuwa, maƙwabciyar mai lambu, ana kiranta Kaka Afiniki. Mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yanta suna nesa, ba ta da gona sai ɗan fili a bayan ɗaki. Abin da ta mallaka a duniya shi ne akuya guda, ja mai farin goshi, wadda ke da tsohon ciki. Ta jawo ta da igiya tana tafe tana yi mata magana kamar mutum. Ta gaishe da mai lambu, ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka buɗe mana gidanka. Na kawo ta ne a yi mata addu'a, ta sauka lafiya."

Ya ce, "Amin, Kaka. Sannu da zuwa."

Fada ya iso, ya tsaya kusa da siffar, ya jawo mai lambu ya tsayar da shi a damansa, ya ba shi kwanon ruwa mai tsarki ya riƙe. Ya yi 'yar magana a kan waliyyin, ya ce, "Mu gode wa Allah da ya ba mu ɗan'uwa irin wannan, wanda ya ɗauki halin Faransis ya dasa a bayan gidansa." Sa'an nan ya ce a sunkuyar da kai a yi addu'a.

Kowa ya rufe ido. Kaka Afiniki ta haɗa hannuwanta biyu, igiya ta sulluɓe mata ba ta sani ba. Mai lambu ne kaɗai idonsa ke buɗe, domin hankalinsa na kan tasar. Ya ga akuyar ta taka a hankali, ta zo ta sa baki a cikin furannin. Ta ci ganye, ta ture sauran da hanci, ta tarar da dawa. Ta shiga ci.

Tsakaninsa da ita bai fi taku kaɗan ba. Da ya yi tsawa, da ya ajiye kwanon ya fizge ta, da an wuce wurin. Amma ya dubi Fada da ke addu'a, ya dubi kawunan jama'a a sunkuye, ya ji maganar yabon da aka yi masa tana kaɗawa a kunnensa. Ya ce a ransa, "In na yi ihu za a ce me ya faru. Me zan ce? Bari a gama addu'a tukuna. Wataƙila maganin ya huce tun jiya. Akuya ai ba tsuntsu ba ce." Ya tsaya riƙe da ruwa mai tsarki, yana kallonta har ta lashe tasar.

Aka ce amin. Kaka ta buɗe ido ta ga akuyarta a gindin waliyyi, ta ce, "Af, wannan mara kunya, kin cinye wa mutane ado!" Aka yi dariya. Ta kamo igiyar. Fada ya bi dabbobin yana yayyafa musu ruwa, mai lambu na biye da shi da kwano. Da aka zo kan akuyar, ya kau da kai.

Ba a jima ba, ana cikin waƙa, akuyar ta fara tangaɗi. Ta durƙusa, ta tashi, ta sake faɗuwa. Kumfa ta fito mata a baki, jikinta duka na karkarwa. Kaka ta yi kururuwa, waƙa ta tsaya.

A cikin masu bi akwai wani malamin dabbobi, sunansa Irimiya. Ya ture mutane ya durƙusa a kanta, ya buɗe mata ido, ya taɓa cikinta. Ya ɗaga kai ya ce, "Me ta ci? A gaya mini abin da ta ci, don maganin wannan daban, na wancan daban."

Wata ta ce, "Furanni ta ci, muna gani."

Irimiya ya ce, "Furannin nan ba sa yin haka. Akwai wani abu a lambun nan, Baba?"

Idanu suka juyo kan mai lambu. Ya ji kansa yana cewa, "Ban sani ba."

Sai Kaka Afiniki ta ɗora hannu a ka, ta ce, "Wayyo, ni ce. Da asuba na ɗaure ta a bayan ɗaki, kusa da rogon maƙwabta. Ganyen rogo ta ci. Ni na kashe ta da hannuna."

Wani dattijo ya ce, "Haba Kaka, da girmanki, ai ba a ɗaure dabba kusa da rogo." Wasu suka yi ta gunaguni, suna cewa tsufa ya fara taɓa ta. Irimiya ya girgiza kai, bai gamsu ba, amma ba shi da wani abin kamawa. Ya sa aka shiga yi mata abin da ake yi wa dabbar da ta ci rogo. Lokaci na tafiya, akuyar na ƙara sanƙarewa.

Mai lambu na tsaye kamar an dasa shi. Yana so ƙasa ta tsage ya shige. Yana cikin haka sai ya ji an kama masa hannu. Kaka ce, ta rarrafo ta durƙusa a gabansa, hawaye na bin tamojin fuskarta. Ta ce, "Ɗana, ka yafe mini. Ka yi wahala ka gyara wurinka, ka tara mutane, ni kuwa na zo na ɓata maka taro da sakacina. Don Allah ka yafe mini."

A nan ne abin ya fi ƙarfinsa. Kwanon ya suɓuce daga hannunsa. Ya ce da murya da ba ta fita sosai, "Ba rogo ba ne."

Irimiya ya ce, "Me ka ce, Baba?"

Ya ce, "Ba rogo ba ne. Guba ce. Maganin ƙwari na cuɗa da dawa na zuba a tasar, don in kashe tsuntsaye. Na ga lokacin da take ci."

Matarsa ta rufe baki da gefen zanenta. Irimiya bai tsaya magana ba, ya ce a kawo gawayi a daka, a kawo ruwa, ya tura wani da babur ya ɗauko masa jakar allurarsa a gida. Aka yi ta fama. Mutane suka fara jan dabbobinsu suna fita ɗaya bayan ɗaya, iyaye na riƙe hannun 'ya'yansu kada su taɓa komai. Ba wanda ya zage shi, ba kuma wanda ya yi masa sallama. Shi dai da an zage shi da ya fi masa sauƙi.

Akuyar ba ta mutu ba, amma kafin yamma ta yi ɓari. 'Ya'ya biyu ne, sun kusa isa haihuwa.

Daga ranar mai lambu bai ƙara fita ba. Lahadi ta zo bai je coci ba, wata ta zo bai je ba. In ya ji sallama sai ya shige ɗaki ya ce a ce ba ya nan. Abinci ma sai matarsa ta matsa masa. Ya ɗauko buhu ya lulluɓe waliyyin, domin ba ya iya haɗa ido ko da siminti. Ciyawa ta fara cin hanyar tsakuwa, bai kula ba. Ta katanga yakan jiyo muryar Kaka tana lallashin akuyarta ta ci dusa, sai ya toshe kunne.

Rannan da hantsi ya ɗauki guduma ya nufi lambu, ya ce gara ya farfasa abin nan ya huta. Ya ɗaga ke nan sai ya ji an ce, "Salama a gare ku." Fada ne, matar gidan ta shigo da shi ba ta yi shawara da kowa ba.

Fada ya dubi gudumar, ya dubi buhun, ya ce, "Malam, shi kuma me ya yi maka?"

Mai lambu ya sauke hannu, ya ce, "Fada, ban cancanci ya zauna a gidana ba. Duk wanda ya gan shi zai tuna abin da na yi."

Fada ya ce, "In ka fasa shi za su manta?"



Fada ya zauna a kan wani dutse, ya ce, "Ni ma ina da nawa laifin. Na yabe ka a gaban jama'a saboda abin da na gani a lambu, na ɗora maka kaya mai nauyi. Amma ba wannan ya kawo ni ba. Ka je wurin Kaka?"

Ya ce, "Da wane ido zan dube ta?"

Fada ya ce, "Da wanda ka dube ta da shi sa'ad da take durƙushe a gabanka. Shi ne dai kake da shi. Ka ga, kunyar mutane ce ta rufe maka baki ran nan, har aka yi hasara. Yanzu kuma ita ce ta kulle ka a ɗaki. Har yaushe za ka yi ta yi mata biyayya? Ajiye gudumar nan. Ƙofar tsohuwar nan ba ta da nisa."

Bayan Fada ya tafi, mai lambu ya daɗe a tsaye. Sa'an nan ya shiga garkensa, ya zaɓi 'yar akuya mafi kyau, budurwa, ya sa mata igiya. Bai bi ta ƙofar baya ba, ko da yake zuciyarsa ta so haka. Ya fita ta ƙofar gaba, mutane na zaune a inuwa suna kallonsa, ya wuce kansa a ƙasa.

Ya tarar da Kaka Afiniki tana tsinkar zogale a ƙofar ɗakinta, jar akuyar na kwance a gefenta, ta rame. Ya cire hula, ya durƙusa, duk da furfurarsa. Ya ce, "Kaka, na zo neman gafara. Ga wannan, ki karɓa. Na san ba za ta maye abin da kika rasa ba."

Tsohuwar ba ta ɗago da wuri ba. Ta ci gaba da tsinkar ganyenta. Can ta ce, "Akuya kam na karɓa, don ina bukata, ba zan yi maka ƙarya ba. Maganar guba kuma, ba don akuyata ka zuba ba, wannan tsakaninka ne da Mai tsuntsayen. Abin da ya hana ni barci daban ne. Ina kuka ina cewa ni na kashe ta, ana ce mini tsufa ya taɓa ni, kai kuwa kana tsaye, ka sani, ka bar ni. Ni da na goya ka wata rana da uwarka ta tafi rafi."

Mai lambu ya fashe da kuka kamar yaro. Ya ce, "Haka ne, Kaka. Ba ni da abin cewa."

Ta bar shi ya yi kukansa. Sa'an nan ta ce, "Ya isa. Na yafe maka, Allah ya yafe mana duka. Amma ran Lahadi ka biyo ta nan. Gwiwata na damuna, ina son wanda zan dafa."

Ran Lahadi ya biyo. Ta dafa kafaɗarsa suka tafi a hankali, suka isa an riga an fara waƙar shiga. Ya so ya zauna a bencin baya, ta ƙi sakinsa. Ta ja shi ta tsakiyar coci, a kan idon kowa, har wurin da ta saba zama a gaba. Bai iya ɗaga kai ba. Ta matsa, ta buga bencin da tafin hannu, ta ce, "Zauna, ɗana." Ya zauna.

Ma'anar wannan misali ita ce, mai lambun nan ni ne, kai ne, ke ce. Siffar waliyyin ita ce duk wani abu mai kyau da muke kafawa inda ido zai gani: gicciyen da ke rataye a wuya, hoton da ke bangon falo, ayar da aka rubuta a bayan mota, kujerar da muke zama a coci. Ba laifi ba ne a yi su. An yi su ne domin su tuna mana da yadda za mu yi rayuwa. Amma mutum yana iya ƙaunar abin tunin har ya manta da abin da ake tuna masa. Mutumin nan ya ƙaunaci kurciyar siminti domin ba ta ci, ba ta sha, ba ta ɓata wuri. Ta gaske kuwa, wadda Allah ya hura wa rai, ya kashe ta. Haka muke yi sa'ad da muke son labarin jinƙai amma muna ƙin wahalarsa. Mai bukata na gaske yana zuwa ne da ƙura a ƙafa, a lokacin da bai dace da mu ba. Jakin da ke ɗauko mana ruwa yana jin ƙishi, karen da ke tsaron gidanmu yana jin yunwa. Ubangijinmu ya koya mana cewa ko ɗan tsuntsu ba ya faɗuwa ƙasa ba da sanin Uba ba.

Sai dai ku lura, 'yan'uwa, ba gubar ce ta fi yin ɓarna ba. Shirun ne. Sau uku Allah ya buɗe wa mutumin nan ƙofa: sa'ad da akuyar ta sa baki a tasa, sa'ad da aka tambaye shi, da sa'ad da tsohuwa ta ɗauki laifin ta ɗora wa kanta. Kowane jinkiri da ya yi, wani ne ya biya. Kunya iri biyu ce. Akwai wadda ke cewa, "Me mutane za su ce?" Ita ce ta sa kakanmu Adamu ya ɓuya a cikin itatuwa. Tana rufe baki, tana kulle ƙofa, ba ta taɓa gyara komai ba. Akwai kuma wadda ke cewa, "Me na aikata?" Wannan tana da zafi, amma ita ce ke kama hannun mutum ta kai shi ƙofar wanda ya yi wa laifi, ta kai shi gaban Allah.

Saboda haka kowa ya tambayi kansa yau, ba gobe ba. Akwai wanda ake zargi a gidanku, ko a makaranta, ko a wurin aiki, a kan abin da kai ka san kai ka yi? Akwai wadda ke kuka tana cewa laifinta ne, ke kuwa kin san gaskiya kin yi shiru? Kada ku jira a gama addu'a. Allah ba zai ji haushi ba in ka katse addu'a domin ka faɗi gaskiya. Za a dube ka, za ka ji kunya, wataƙila wasu ba za su gaishe ka ba na ɗan lokaci. Amma ka tashi ka je. Mai yiwuwa wanda kake tsoron haɗa ido da shi ya daɗe yana jiran sallamarka.

Ubangiji ya ba mu kunyar da ke kai mutum ga tuba. Amin.